Abin da Ke Sa Situdiyon Waƙa Ya Yi Daɗin Aiki

Situdiyon waƙa wuri ne da aka keɓe domin ɗaukar murya da kiɗa, a tace su, a haɗa, har su zama waƙar da ake ji a rediyo da waya. Galibi ɗakuna biyu ne, ɗaya na mawaƙa da makaɗa, ɗaya na injiniyan sauti, da taga mai gilashi mai kauri a tsakaninsu. Baƙo idan ya shiga, na'urori ne ke fara ɗauke masa ido. Waɗanda suka daɗe a sana'ar kuwa ɗakin suke fara saurara, domin makirufo ba ya zaɓe. Duk abin da ɗaki ya yi wa murya, mai kyau ko marar kyau, da shi zai ɗauka.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. A ƙaramin ɗaki, kafin mawaƙi ya rufe baki muryarsa ta bugi bango ta dawo sau da dama. Mutumin da ya fara auna wannan a kimiyyance shi ne Wallace Sabine na Jami'ar Harvard a Amurka. A 1895 aka ba shi aikin gyara wani zauren lacca da ba a gane maganar malami a cikinsa saboda amsa-kuwwa. Ya riƙa ɗebo matasan kujeru daga wani zaure cikin dare, yana ƙara su yana ragewa, yana auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ɓace. Daga nan ya fitar da lissafin da aka yi amfani da shi wajen gina babban zauren kiɗa na birnin Boston a 1900, kuma masu gina situdiyo suna aiki da shi har yau.

Babbar matsalar ƙaramin ɗaki ita ce bangaye biyu masu fuskantar juna. Sauti mai kauri, irin na babbar ganga, yakan maƙale tsakaninsu, ya yi yawa a lungu, ya kusan ɓacewa a tsakiyar ɗaki. Injiniyan da ke zaune inda kaurin ya ɓace zai yi ta ƙara shi, sai an sa waƙar a mota a ji ta cika da gurnani. Kwalin ƙwai da siririn soso da ake liƙawa a bango ba sa maganin wannan, domin iyakarsu su rage sauti mai kaifi. Abin da ke aiki shi ne kaya masu kauri masu shanye sauti a lunguna, da katakai marasa daidaiton fuska da ke warwatsa shi. Sai dai a nan ma akan wuce gona da iri. Ɗakin da aka kashe wa amo gaba ɗaya yana gajiyar da mawaƙi, ya riƙa jin muryarsa a bushe, ya yi ta matsa maƙogwaro. Shi ya sa tsofaffin situdiyo suka tanadi amsa-kuwwa ta musamman. Kamfanin Capitol a Los Angeles ya gina ɗakunan siminti a ƙarƙashin ƙasa domin wannan kawai, ana tura murya ta lasifika a sake ɗauko ta da makirufo. Kamfanin Motown a Detroit kuwa cikin rufin gidansa ya mayar wurin yin haka.

Kayan kiɗan gargajiya sun fi kowa buƙatar ɗaki mai rai. Kalangu, kukuma da gurmi ba a jona su da waya, sautinsu sai ya ratsa iska kafin ya isa makirufo. A 2004 Ali Farka Touré da Toumani Diabaté sun ɗauki faifansu na jita da kora a wani ɗaki na otal ɗin Mandé da ke bakin kogin Neja a Bamako, da na'urorin tafi-da-gidanka, kuma faifan ya ci lambar Grammy.

Gyara sautin cikin ɗaki abu ne daban, hana ƙarar waje shiga ma abu ne daban, kuma shi ya fi cin kuɗi. Nauyin bango da toshe kowace kafa ne ke tare ƙara. Manyan situdiyo sukan gina ɗaki a cikin ɗaki, da iska tsakanin bangayen, a ɗora daɓen a kan roba don kada girgizar babbar mota ta biyo ƙasa ta shigo. A Kano, inda situdiyon waƙoƙin fim suka yawaita a wurare irin su titin Zoo Road, ƙarar adaidaita-sahu da janareta ita ce abokiyar gabar aiki ta kullum. Ga kuma zafi: ɗakin da aka toshe ko'ina ba ya shan iska, fanka kuma dole a kashe ta lokacin ɗauka. Mawaƙin da gumi ke keto masa ba zai maimaita baiti sau goma da daɗin rai ba. Situdiyon da ya nisanta janareta daga ɗakin ɗauka, ko ya koma batura da hasken rana, ya kuma samu na'urar sanyaya ɗaki marar ƙara, ya fi wanda ya zuba kuɗinsa duka a makirufo mai tsada. Wayoyin lantarki ma suna da nasu tasirin, domin idan ba a haɗa su daidai ba wani siririn gunaguni yakan bi su ya kwanta ƙarƙashin kowace waƙa.

A ɗakin injiniya, lasifikar da ake so ita ce mai faɗin gaskiya. Ta gidan biki aikinta ta ƙawata sauti, ta situdiyo aikinta ta tona aibinsa. Lasifikar Yamaha NS-10, wadda ta fito a 1978, ta cika situdiyon duniya duk da cewa ba ta da daɗin saurare, saboda injiniyoyi sun lura waƙar da ta yi kyau a cikinta takan yi kyau a wasu wurare. Injiniya mai hankali yakan gwada aikinsa a ƙaramar rediyo da lasifikar waya, tunda a nan yawancin mutane za su ji shi.

Yawan na'ura bai taɓa zama sharaɗi ba. Mawaƙan Beatles sun ɗauki faifansu na Sgt. Pepper a 1967 da na'ura mai layi huɗu kacal, alhali kwamfutar yau tana ɗaukar layuka ɗaruruwa. A 1973 Paul McCartney, tsohon ɗan Beatles, ya zo Legas ya yi aiki a situdiyon EMI na Apapa, wuri mai ƙarancin kayan aiki, ya fito da Band on the Run, ɗaya daga cikin faya-fayansa mafi karɓuwa. Billie Eilish da yayanta Finneas sun ɗauki faifanta na 2019 a ɗakin kwana na gidan iyayensu, suka kwashe manyan lambobin Grammy a 2020. Abin da ake buƙata daga kayan aiki shi ne kada su ba da kunya: waya ba ta kartsi, kwamfuta ba ta tsayawa ana tsakiyar baiti, abin sauraren da mawaƙi ya sa a kunne yana dawo masa da muryarsa nan take ba tare da jinkiri ba.

Mutanen da ke ciki su ne suka fi komai tasiri. Situdiyon Abbey Road na Landan, wanda aka buɗe a 1931, ya shahara da injiniyoyi masu neman mafita. A can John Lennon na Beatles ya tsani rera waƙa sau biyu domin a ninka muryarsa, sai injiniya Ken Townsend ya ƙirƙiro a 1966 hanyar da na'ura za ta ninka ta da kanta. A Motown, wanda Berry Gordy ya kafa a 1959, ɗakin ɗaukar ƙarami ne a bayan gida, amma yana da makaɗa na dindindin da ake kira Funk Brothers, waɗanda suka saba da juna har kallo ya ishe su fahimtar juna. Aretha Franklin ta shafe shekaru tana fitar da faifai ba tare da ta yi fice sosai ba, sai a 1967 da aka kai ta situdiyon FAME a ƙaramin garin Muscle Shoals, ta zauna a fiyano, makaɗan wurin suka bi salonta. Waƙar da aka ɗauka a zaman nan ita ce ta buɗe mata ƙofa.

Rera waƙa a gaban makirufo abu ne mai sa fargaba, ko ga wanda ya saba da taro. Injiniya nagari ya san yadda ake cewa "a sake" ba tare da an karya gwiwar mutum ba. Ba ya dariya da abokansa a bayan gilashi inda mawaƙi ke ganin bakinsu bai ji me suke faɗi ba, kuma yakan danna ɗauka tun a gwaji, domin sau da yawa na farkon ne ya fi rai. Ɗakin da ya cika da 'yan rakiya da masu ɗaukar hoto yana kashe natsuwa. Ƙananan abubuwa ma suna da muhimmanci: ruwan sha, banɗaki mai tsafta, wurin sallah, cika alkawarin lokaci, da tsarin da zai sa mawaƙiya ko 'yar amshi ta zo aiki ta koma gida hankalinta da na iyayenta a kwance.

Akwai kuma batun amana da haƙƙi. Funk Brothers sun yi kiɗan waƙoƙi masu tarin yawa da suka yi tashe, amma sunayensu ba su fito a jikin faifan Motown ba sai a 1971, a faifan Marvin Gaye mai suna What's Going On. Wannan rashin adalci ne, kuma ana maimaita shi duk inda mai kiɗa ko 'yar amshi suka karɓi kuɗin yini aka manta da sunansu. Wurin aiki nagari yana rubuta yarjejeniya tun kafin a fara, yana faɗin wa ya mallaki waƙar, kuma ba ya barin ta fita ta waya kafin mai ita ya sake ta. Yana kuma adana aiki a wuri fiye da ɗaya. Gobarar da ta tashi a rumbun Universal a Amurka a 2008 ta cinye ɗimbin faifan asali da ba za a sake samun su ba.

Kunne shi ne jarin kowa a situdiyo, kuma idan ƙara ta lalata shi ba ya dawowa. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Kunnen da ya gaji yana yaudarar mai shi, ya sa shi ƙara kaifin sauti fiye da kima. Duk mai zama gaban lasifika yini guda ya kamata ya rage ƙara, ya riƙa fita shan iska, kuma idan ya fara jin kunnensa yana ƙara bayan an tashi aiki, ya je asibiti a duba shi.