Lasisi a Abuja, tiya a Tsafe

A wasu ƙasashe an fara sayar da naman da ba a sa wa dabba wuƙa ba. Ƙwayoyin halitta ake ɗiba daga jikin kaza ko saniya, a zuba a tankin ƙarfe mai ɗumi, a yi ta ciyar da su har su hayayyafa su zama tsoka. Singafo ce ta fara ba da izinin sayar da shi a Disambar 2020, Amurka ta bi sahu a 2023, Italiya kuwa a shekarar ta haramta shi.

Mahaucin Gusau zai ce zancen nesa ne. Amma sabon abinci ya riga ya shigo mana ta gona. Waken SAMPEA 20-T, wanda masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suka fitar, an saka masa ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar da ke huda kwanson wake. Hukumar NBMA mai ba da lasisin irin wannan iri, wadda aka kafa a 2015, ta amince da shi a 2019. Manomin da kan yi feshi shida zuwa takwas, biyu sun ishe shi. Duk wanda ya taɓa goya tankin feshi da tsakar rana a Bunguɗu ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Damuwata ita ce inda ikon lasisin ya tsaya. NAFDAC kan buga lambarta a kan gwangwani da leda, amma wake a tiya ake aunawa. A kasuwar Tsafe buhun wannan ya gauraya da na wancan, dillali bai sani ba, balle mai ƙosai. Ko abin ba ya cutarwa, haƙƙin mai saye ne a gaya masa abin da zai ci.

Na nama ya fi sarƙaƙiya, domin a fiƙihu abin da aka yanko daga jikin dabba tana raye mushe ne. Majalisar addinin Musulunci ta Singafo ta zauna a kan batun a 2024, ta ce yana halatta in an cika sharuɗɗa, ciki har da asalin ƙwayoyin da abin da aka ciyar da su. Jihar da ke bin shari'a kamar Zamfara ya kamata malamanta da likitocin dabbobi da Sarakunan Fawa su zauna tun yanzu, a yi musu bayanin da Hausa, hukumomin Abuja su ji matsayarsu kafin wani kamfani ya nemi lasisi.