Hannun da ya rataye bayan ɗori

A Sakkwato idan ɗan kabu-kabu ya faɗi ya karya damtse, hankalin kowa ƙashi yake komawa: ya haɗu ko bai haɗu ba? Sai ranar da aka kwance ɗori a ga wani abu dabam. Ƙashi ya kama sarai, amma wuyan hannu ya langaɓe, yatsu sun rataye, mutum ya kasa ɗaga babban yatsa. Nan da nan a fara zancen shanyewar ɓarin jiki ko sammu, alhali sau da yawa jijiya guda ce ta taɓu.

A bayan sangalin hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, akwai tsokoki 12 a hawa biyu, na sama da na can ciki. Yawancinsu aikinsu miƙewa ne: su ke ɗaga wuyan hannu, su buɗe yatsu, su ware babban yatsa. Miƙe yatsunka da ƙarfi ka dubi bayan hannunka, za ka ga igiyoyinsu sun taso ƙarƙashin fata. Dukkansu daga jijiyar saƙo guda suke karɓar umarni, wadda likitoci ke kira radiyal. Daga wuya take fitowa, ta bi ta hammata, ta zagaya bayan ƙashin damtse tana manne da shi. Wannan mannewa ita ce rauninta. A cikin karayar tsakiyar damtse goma, kusan ɗaya takan taɓa ta. A gwiwar hannu ta rabu biyu: reshe guda ya kai ji fatar bayan hannu, ɗayan ya nutsa cikin tsoka ya ciyar da masu miƙe yatsu.

Inda jijiyar ta ji ciwo shi ke nuna kansa. Idan a damtse ne, wuyan hannu da yatsu duk su faɗi, fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta mutu. Idan reshen ciki ne kaɗai, kamar a karayar sangali da ta zo da gocewar gwiwar hannu, yatsu su rataye amma wuyan hannu ya ɗagu a karkace, ji kuma lafiya lau. Riƙo ma yana raguwa, domin dunƙule hannu ba ya ƙarfi sai wuyan hannu ya ɗan ɗagu. Tela da makaniki su suka fi saurin ganewa. Ba karaya kaɗai ba: barci mai nauyi a kan hannu, da sandar dogarawa mai danne hammata, da gubar dalma irin wadda ta ɓulla a Zamfara a 2010, duk suna iya kawo wannan ratayewar hannu.

Tun 1943 likitan Ingila Herbert Seddon ya kasa raunin jijiya gida uku: wadda aka danne, takan farfaɗo cikin makonni, wadda zaren cikinta ya tsinke amma rigarta na nan, takan sake tofowa wajen milimita 1 a rana, sai wadda ta yanke gaba ɗaya, ita sai ɗinki. Mafi yawan masu karayar damtse da jijiyarsu ta taɓu suna warkewa ba tare da tiyata ba, muddin an tallafe wuyan hannu da takalmin hannu, ana kuma motsa gaɓoɓi kada su sandare.

Ni ban ga amfanin zagin masu ɗori ba, don ko an zage su gobe ma can za a je. Abin da ya kamata su riƙe ɗaya ne: kafin a ɗaure da bayan an ɗaure, a ce wa majinyaci, "Malam, ɗaga babban yatsa." In ya kasa, ko kuwa da yana iyawa sai bayan ɗori ya daina, a sassauta kara a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙashi na Wamakko. Jira yana da iyaka: tsokar da ta haura shekara zuwa shekara da rabi babu saƙo ba ta cika dawowa ba. Daga nan sai dai likita ya ciro igiyar tsoka daga gaban sangali ya juyo da ita baya, ta koyi aikin da ba nata ba.