Kafin ka sayi kabad a gidan haya: awo, katako da damina

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaki guda ko ciki da falo a Nima, Mamobi ko Aboabo ya san inda matsalar take. Kaya sun fi ɗakin yawa. Atamfofin uwargida na cikin jakar Ghana Must Go, kayan makarantar yara na ƙarƙashin gado, tukwanen biki kuma an jibge su a lungu. Ranar da aka samu ɗan kuɗi sai a nufi wurin masu kayan ɗaki, ido ya faɗa kan kabad mai madubi da sheƙi, a biya, a kawo gida. Damina biyu kawai, gindinsa ya kumbura, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Galibin irin wannan kabad da garin katako ake yinsa, a matse shi da gam, a lulluɓe da leda mai kama da katako. Muddin wuri a bushe yake, ba laifi. Amma da ruwa ya taɓa gefensa sai ya sha, ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. A Akra da Kumasi damina biyu ake yi a shekara, iska ma ɗauke take da laima. Waɗanda suka ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015 a Akra ba sa bukatar dogon bayani. To ko ruwa bai shigo ɗaki ba, gugar ƙasa ta kullum ta isa ta cinye gindin kabad a hankali.

Saboda haka abin farko da za ka duba shi ne ƙafafu. Kabad ko durowa ya tashi daga ƙasa kamar santimita 10 zuwa 15, yadda tsintsiya za ta shiga, ruwa kuma ya wuce. Kada a manna shi da bango. A bar ɗan tsakani don iska ta ratsa, in ba haka ba fumfuna za ta kama bayansa, warin ya shiga tufafi.

Sai katako. In za ka je wurin kafinta, ko a Timber Market na Akra ko a Sokoban na Kumasi, tambayi sunan katakon kafin ka tambayi kuɗi. Wawa ba shi da nauyi kuma yana da sauƙin kuɗi, amma taushi gare shi, gara da ƙwari suna sonsa, sai an yi masa magani. Odum yana da ƙarko, gara ba ta cika iya masa ba, sai dai tsada da nauyi. Mai ƙaramin ƙarfi na iya raba kafa: ƙafafu da ginshiƙai da katako mai ƙarfi, jiki da filawud mai kauri. Ka kuma tabbatar katakon ya bushe. Ɗanye yana lanƙwashewa, musamman in za a kai shi Tamale ko Bawku inda hunturu ke tsage katako.

Wani abin da mutane ke mantawa shi ne awo. Auna bangon da kabad zai tsaya, auna ƙofar ɗaki, auna har lungun da za a bi da shi. Lungunan Zango ai kowa ya san su. Wani ko mutum biyu ba sa giftawa. Haka kuma ɗan haya ba shi da tabbas. In wa'adi ya cika mai gida ya ƙara kuɗi, tashi ya kama. Ce wa kafinta ya haɗa da sukuru, gida biyu ko uku da za a iya warewa, ba ƙusa da gam ba.

Cikin kabad kuwa a tsara shi da irin kayanmu. Jallabiya da abaya suna son wurin rataya mai tsayi, kusan mita ɗaya da rabi, zurfinsa kamar santimita 60. Atamfa, leshi da mayafai ninke su ake yi, don haka kantoci sun fi musu amfani. A ware kanta ta sama don Alƙur'ani da littattafai, wata kusa da hannu don sallaya. Takardun haihuwa, fasfo da rasit ɗin haya su samu durowa mai makulli, can sama, ba a ƙasa ba.

Masu ƙananan yara su kula sosai. Yaro yana jan durowa ya taka kamar tsani, dogon kabad kuma yana iya kifowa a kansa. A sa kaya masu nauyi a ƙasa, a nemi izinin mai gida a ɗaure saman kabad da bango.

Hajiya mai shirin aurar da 'ya, ba wanda ya ce kada ɗakin amarya ya yi kyau. 'Yan ganin ɗaki za su zo, za su yaba, su tafi. Amma yarinyar ce za ta zauna da kayan shekara da shekaru. Gado mai durowa a ƙasa da kabad ɗaya mai ƙarko sun fi saiti biyar da za su hana ta wurin shimfiɗa sallaya. Launi mai haske da madubi a ƙofa suna sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar ya buɗe.

Kafin ka miƙa kuɗi, buɗe kowace ƙofa, ja kowace durowa har ƙarshe, girgiza kabad ɗin ka gani ko yana rawa, sannan ka leƙa bayansa, don a nan ake ɓoye aikin ha'inci. In mai sayarwa ya ce, "Alhaji, wannan ɗan waje ne fa," ka ce masa ka ji, amma da me aka yi gindinsa?