A Auna Ƙasa Kafin A Aza Harsashi

A ƙasar Amurka akwai ƙananan garuruwa da yawa waɗanda tsakiyarsu ta mutu. Da can nan ne masana'antu suke, da gidajen mai, da tashoshin jirgin ƙasa. Da ciniki ya tashi sai aka rufe su, aka bar kangaye. Ga fili a wuri mai kyau, amma ba mai tayawa, domin kowa yana tsoron abin da ke binne a ƙarƙashinsa, ko dalma, ko man da ya tsiyaye daga tsohon tanki, ko wani dafi dabam. Hukumar Kare Muhalli ta ƙasar ta ƙiyasta irin waɗannan filaye sun wuce 450,000.

Tsoron nan kuwa yana da asali. A garin Nayagara, cikin Jihar New York, akwai wani wuri da ake kira Love Canal, inda wani kamfani ya binne dattin magunguna masu guba wajen tan 21,000. A 1953 kamfanin ya sayar wa hukumar makarantun garin da filin a kan dala ɗaya tak. Aka gina makarantar firamare a wurin, gidaje suka kewaye ta. Daga baya guba ta riƙa ɓullowa cikin gidajen mutane, har a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ba da umurnin taimakon gaggawa, aka kwashe iyalai masu yawa.

Saboda haka a 1980 aka kafa doka mai tsanani, wadda ta ce ana iya ɗora wa mai fili nauyin tsabtace shi, ko da ba shi ya ɓata shi ba. Doka ta yi amfani, amma ta zo da wata wahala. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Masu saye suka ja da baya, bankuna suka ƙi ba da rance, har filin da ba kome a cikinsa ya rasa mai so.

To, maganin da gwamnati ta samo shi ne ta biya kuɗin bincike. An kafa shirin sosai a 1995, sa'an nan a 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta ƙarfafa shi, ta kuma kare mai sayen da ya yi cikakken bincike kafin ya saya. Binciken hawa biyu ne. Da fari a duba tsofaffin takardun mallaka da taswirori, a zaga filin, a tambayi waɗanda suka san tarihinsa. In an ga alamar haɗari, sai a haƙa ƙasa, a ɗebi samfurinta da na ruwan da ke ƙarƙashinta a kai ɗakin gwaji. Wannan kuɗi ba na gini ba ne. Amfaninsa shi ne a san ko akwai guba, da irinta, da abin da kawar da ita zai ci.

Mu ɗauki misalin Emeryville, wani ɗan gari a Jihar Kalifoniya, tsakanin Oakland da Berkeley, wanda masana'antun ƙarfe da na fenti suka tashi suka bar shi da gurɓatacciyar ƙasa. A 1996 ya sami dala 200,000 daga wannan shiri. Hukumar garin ta tattara labarin filayenta, ta sa a taswira a intanet, yadda mai niyyar gini zai ga halin fili tun bai zuba kuɗinsa ba. A 2000 kantin IKEA ya buɗe a tsohon filin masana'antar ƙarfe, a 2002 kuma kasuwar Bay Street ta biyo baya. Mutanen garin ba su kai 7,000 ba a 2000, amma a 2020 sun kusa 13,000. Gaskiya ne kusancinsa da San Francisco ya taimaka ƙwarai, amma da ba a kawar da shakka ba, da masu kuɗi ba su matso ba.

Mu ma mun san illar gurɓatacciyar ƙasa, domin a 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara wajen 400 a Zamfara, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Don haka muna jan hankalin akawuna su lura, binciken nan da takarda yake farawa. Rajistar da aka adana da kyau yau, ita za ta gaya wa na baya cewa nan majema ce, can kuwa gidan mai ne. Malamai kuma, duk sa'ad da aka nuna muku filin sabuwar makaranta, ku tambaya me aka taɓa yi a wurin kafin a aza harsashi. Allah ya kiyashe mu da zuriyarmu, amin.