Likitan Sa Barci: Amanar Ran Da Ke Kwance A Ɗakin Tiyata

Idan aka fito da mara lafiya daga ɗakin tiyata, 'yan uwa sukan yi wa likitan da ya yi aikin godiya. Da wuya a tuna da wanda ya tsaya a wajen kansa tun farko har ƙarshe, wato likitan sa barci. Shi ke auna maganin gwargwadon nauyin mutum da shekarunsa da lafiyar zuciyarsa, ya zura bututu a maƙogwaro domin na'ura ta yi masa numfashi, idonsa na kan bugun zuciya da hawan jini har ya farfaɗo. Sai ya kammala shekara 6 na karatun likitanci, sannan ya ƙara wasu shekaru na ƙwarewa.

Masu tarihi na ƙirga farkon wannan fanni daga 16 ga Oktoba, 1846, ranar da William Morton ya sa wa mara lafiya barci a gaban likitoci a birnin Boston na Amurka. Sai dai malamanmu sun daɗe da sanin mas'alar. Imam Al-Ƙarafi, a cikin Al-Furuƙ, ya bambance abin maye da abin da ke sa barci ya ɗauke ji, kuma Ibn Farhun ya nuna halaccin shan irin wannan domin yanke gaɓa. Gaskiya ne Urwatu ɗan Zubair ya ƙi sha lokacin da za a yanke ƙafarsa, don kada zuciyarsa ta gafala daga ambaton Allah. Wannan matsayinsa ne na haƙuri, ba hukunci ba ne da za a ɗora wa matar da haihuwa ta yi wa gardama. Galibi ma allura ake yi mata a gadon baya, tana farke za ta ji kukan jaririnta.

Tambayar da aka fi kawo mini ita ce ta sallah. Alwala ta warware, babu saɓani. Game da ramuwa kuwa, a mazhabar Malikiyya wanda ya suma har lokaci ya fita ba ya rama, amma malamai da dama na wannan zamani sun kamanta maganin da barci. Abin da nake zaɓa wa mai tambaya shi ne ya rama, tunda sallolin kaɗan ne. Batun azumi, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce iskar sa barci ba ta karya shi matuƙar ba a ƙara wa mutum ruwa mai gina jiki ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoye gaskiya. Likita zai ce kada a ci abinci awa 6 kafin aiki, sai uwa ta ji tausayin ɗanta ta ba shi koko a asirce. Idan barci ya ɗauke shi, abin da ke cikin zai iya dawowa ya shiga huhu, kuma wannan yana kisa. Haka saurayin da ke shan tiramadol ko kodin ya ji kunyar faɗa a gaban mahaifinsa, alhali adadin maganin da za a ba shi ya rataya ne a kan amsarsa. Ya kai mahaifi, idan likita ya zo da tambayoyinsa, ka fita ka ba su wuri.