Hoton Eksire a Masana'antun Roba: Dalilai da Sakamako

A da, in kamfani yana son sanin ko kayan robar da ya ƙera suna da lahani a ciki, sai ya tsinci kaɗan ya yanka su ya duba. Wanda aka yanka ya tashi daga aiki, sauran dubban kuma sai dai a kyautata musu zato. Yanzu manyan masana'antu a Jamus, Japan da Amurka sun karkata ga hasken eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, ta hanyar na'urar CT da Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro wa asibitoci a farkon shekarun 1970. Zeiss da Nikon na cikin kamfanonin da ke ƙera irinta domin masana'antu.

Ɗaya daga cikin dalilan wannan sauyi shi ne roba na maye gurbin ƙarfe a kayayyaki da dama. Masu ƙera motoci na amfani da ita don rage nauyi, ga kuma alƙalamin allurar insulin da abin shaƙa na masu asma da ake ƙerawa da ita. Idan aka tura narkakkiyar roba cikin mazubi, bayanta ne ke fara hucewa. Cikin kan ƙanƙance daga baya, wani lokaci ya bar ɗan rami. A ido kayan sumul yake, amma zafi ko girgiza na iya tsaga shi daga wannan ramin. A bokiti wannan ƙaramar asara ce, a kayan asibiti kuwa rai ake magana.

Don gano irin wannan lahani, ana ɗora kayan a faifai mai juyawa, na'urar CT ta ɗauki ɗaruruwan hotuna, kwamfuta ta haɗa su. Injiniya sai ya leƙa cikinsa sala-sala ba tare da ya taɓa wuƙa ba. A ganina, amfani mafi girma yana wajen gyaran mazubi tun kafin a fara zuba kaya da yawa, domin mazubi mai kuskure zai haifi kuskuren a kowane guda.

Sai dai na'urar na da tsada, tana buƙatar kariyar darma da ƙwararren ma'aikaci, kuma ƙarfen da aka dasa cikin roba kan dagula hoton. Shi ya sa ƙananan masana'antu ke kai samfurinsu ɗakunan gwaji su biya. Ga duk mai ƙera kayan lafiya ko na mota, wannan kuɗi bai kai asarar janye kaya daga kasuwa ba.