Abin da ke ƙarƙashin New Bell, da dalilin da ya sa mai gini zai kula

Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya a New Bell ya san abin da zai tarar: yashi, laka, sai ruwa tun kafin a yi nisa. Dutse kam babu. Ko tsakuwar gini, manyan motoci ne ke kawo ta daga wajen gari. A ajin labarin ƙasa, da wannan nake fara wa ɗalibaina bayani.

Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, Afirka da Kudancin Amurka a manne suke. Da suka fara rabuwa, ɓawon ƙasa ya tsattsage, ɓangaren da ke bakin teku ya riƙa nutsewa mataki-mataki, ya zama wani ƙaton kwano. Koguna suka yi ta zuba masa yashi da laka har kaurinsu ya kai dubban mitoci. A kan wannan cikon Douala take zaune. Iskar gas da ake haƙowa a Logbaba ma a cikinsa ta taru. Idan ka nufi Edea, nan ne dutsen asali ke fitowa fili.

Tsagogin ba su ɓace ba, binne su aka yi. Akwai babbar tsagar Sanaga, wadda ta girmi tekun Atilantika kansa, ta ratso tsakiyar Kamaru ta nufo gaɓar teku. Ta yamma kuma ga Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, wanda muke hangowa idan sama ta washe. A watan Maris na 1999 ya yi aman wuta, girgizar ta lalata gidaje a Buea, narkakken dutse ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau. A 2000 ya sake.

To, ina ruwanmu? Ƙasa mai laushi da ta sha ruwa tana ƙara wa girgiza ƙarfi. Haka ta faru a birnin Meziko a 1985: tushen girgizar na da nisan ɗaruruwan kilomita, amma benayen da ke kan lakar tsohon tafki su suka fi rushewa. Mu nan, ko ba girgiza, ruwan sama na fiye da milimita 3,500 a shekara yana jiƙa ƙasar, gini mai nauyi ya dinga zama a hankali.

Yanzu a unguwanninmu benaye sai tashi suke, wasu a kan harsashin tsohon gidan ƙasa. Alhaji, kafin ka ɗora hawa na uku, ka sa injiniya ya gwada ƙasar filin, kar kuma a rage rodi da siminti. Mai haya kuma, in ka ga tsaga a bango tana ƙara faɗi, ko ƙofa ta daina rufuwa daidai, ka faɗa wa mai gida tun da wuri. Allah Ya kiyaye.